Darajar Agogon Japan Mai Yi Wa Kansa Wani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da wasu za su ɗauka ƙarami ne, amma ni ya daɗe a raina, wato agogon hannu ƙirar Japan mai rahusa wanda ba ya aiki da batir, wanda motsin hannun mai ɗaure da shi ne yake yi masa wani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasu maganganu biyu da nake yawan ji. Na farko suna cewa tun da kowa yana da waya a aljihu, agogon hannu ya gama amfani. Na biyu kuwa sun yarda da agogo, amma suna ganin duk wanda bai kai farashin mota ba bai cancanci a kalle shi ba, suna kafa hujja da cewa araha ba ta ado. Ina ganin dukkansu ba su yi wa wannan agogo adalci ba, kuma ina so in bayyana dalilina.

Shekara goma sha bakwai ke nan ina ɗaure da agogo guda, Seiko 5 mai ɗauke da injin da kamfanin ya sanya wa lamba 7S26. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake tafiya, ya sha rana, ya sha ƙura, ya sha karo da ƙofa da gefen tebur, gilashinsa ya yi zane a wurare da dama. A duk tsawon wannan lokaci sau biyu kawai aka buɗe bayansa. Wayoyin da na saya na sauya a cikin waɗannan shekaru sun kai shida, kuma kowace daga cikinsu ta fi agogon tsada. Ban kawo wannan don in ce kowane agogo zai yi irin wannan ƙarko ba, na kawo shi ne don mai karatu ya san cewa abin da zan faɗa daga ɗauri ya fito, ba daga kallon hoton talla ba.

Ya kamata in fara da yadda abin yake aiki, domin a nan darajarsa take. A cikin agogon akwai wani dogon sifirin da aka naɗe a cikin ɗan ƙaramin gwangwani, kuma shi ne rumbun ƙarfin agogon. Idan ya ɗauru, yana son ya warware, kuma wannan warwarewa ce take juya jerin ƙananan ƙafafu masu haƙora har zuwa kan hannuwan da ke nuna awa da minti da daƙiƙa. Da za a bar shi, da ya warware cikin ƙiftawar ido. Abin da ke riƙe shi shi ne wata ƙaramar ƙafa mai lilo, wadda aka ɗaura mata siririn sifirin mai kama da silin gashi, tana kai da komowa tana sakin ƙarfin kaɗan-kaɗan. A yawancin agogunan da nake magana a kansu, wannan ƙafa tana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a kowace daƙiƙa, wanda ya kama sau 518,400 a yini da kwana. Shi ya sa hannun daƙiƙa yake tafiya kamar yana sulalewa, maimakon tsallen da na mai batir yake yi. A bayan injin kuma akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, mai siffar rabin wata, wanda yake juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, kuma juyawarsa ce take sake ɗaure babban sifirin. Mutum yana tafiya, yana rubutu, yana ɗaga kaya, agogonsa yana cin abincinsa daga wannan motsi ba tare da ya sani ba. Idan ya cika, zai iya yin kimanin awa 40 a ajiye kafin ya tsaya. Duwatsu 21 ko 24 da ake rubutawa a fuskarsa kuwa yaƙutu ne na masana'anta, kuma ba don ado aka sa su ba. A kansu ƙafafun suke juyawa domin kada ƙarfe ya ci ƙarfe.

Ba mutanen Japan ne suka ƙirƙiro wannan dabara ba. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Harwood ne ya fito da agogon hannu mai wanin kansa a shekarun 1920, sannan a 1931 kamfanin Rolex ya kawo faifan da ke juyawa zagaye cikakke. Abin da Japan ta yi shi ne ta sauko da abin daga hannun masu hali zuwa hannun ma'aikaci, kuma a wurina wannan aiki ne da bai gaza ƙirƙirar ba. Kintaro Hattori ya buɗe shagon sayar da agogo da gyaransa a Tokyo a 1881, ya kafa masana'antar Seikosha a 1892, kuma a 1913 ya fitar da Laurel, agogon hannu na farko da aka ƙera a Japan. A 1959 injiniyoyin Seiko suka fito da wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da suka kira Magic Lever: idan faifan ya juya, yatsa ɗaya yana jan ƙafar da ke ɗaure sifirin, ɗayan yana tura ta, saboda haka ko dama faifan ya yi ko hagu, sifirin yana ɗauruwa. Wasu masu ƙira suna cim ma wannan ne da tarin ƙananan ƙafafu, su kuwa suka cim ma sa da kayan da ba su taka kara sun karya ba. Duk wanda ya san inji ya san cewa kayan da babu shi a ciki ba ya lalacewa, kuma ba a biyan kuɗin ƙera shi. A kan wannan tushe aka fitar da Seiko Sportsmatic 5 a 1963, shekara guda kafin wasannin Olamfik na Tokyo inda Seiko ne ya riƙe aikin auna lokaci. Lambar 5 ɗin tana nufin alkawura biyar: agogo ya yi wa kansa wani, ya nuna rana da kwanan wata a taga guda, ya jure ruwa, maɓallin saitinsa ya ɓuya a gefen ƙarfe 4 don kada ya riƙa sukar hannu ko maƙalewa, sannan jikinsa da sarƙarsa su zama masu ƙwari. Babu alkawarin zinariya a ciki, babu na burge jama'a. Dukkan biyar ɗin an yi su ne domin mutumin da zai ɗaura agogo da safe ya manta da shi har dare.

Akwai wani abu a tarihin nan da yake ƙara mini girman waɗannan kamfanoni. A ranar 25 ga Disamba, 1969, Seiko ɗin nan dai shi ne ya fara sayar da agogon hannu mai batir da dutsen kwaz, wato Astron, a kan yen 450,000, kuɗin da a lokacin ya kai na mota. Cikin 'yan shekaru farashin irin wannan agogo ya faɗi warwas, kasuwar duniya ta juya, kuma masana'antar agogo ta Suwizalan, wadda take da ma'aikata kusan 90,000 a 1970, ta koma da kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi a tsakiyar shekarun 1980. Da Suwizalan ta farfaɗo, agogonta mai inji ya koma kayan alfarma, ana sayar da shi da suna da tarihi. Kamfanonin Japan kuwa, duk da cewa su ne suka fi kowa cin ribar batir, ba su daina ƙera mai inji na talaka ba. Sun ci gaba da fitar da shi da yawan gaske zuwa ƙasashen duniya, har ana buga sunayen ranakun mako da harsuna biyu, Turanci tare da Larabci ko Sifaniyanci ko rubutun Japan, gwargwadon kasuwar da za a kai shi. Samfurin injin 7S26 da ke hannuna ya fara fitowa ne a 1996, lokacin da duk duniya ta riga ta koma batir.

Malam Edita, ba zan ɓoye aibin wannan agogo ba, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba ya kai mai batir daidaito, kuma ba zai taɓa kai shi ba. Dutsen kwaz yana girgiza sau 32,768 a daƙiƙa, saboda haka agogo mai batir na yau da kullum ba ya wuce kuskuren daƙiƙa 15 zuwa 20 a wata. Injin 4R36, wanda ya gaji 7S26, kamfanin da kansa ya rubuta cewa yana iya yin gaba da daƙiƙa 45 ko baya da daƙiƙa 35 a rana, alhali ma'aunin da hukumar COSC ta Suwizalan ta gindaya wa manyan agoguna shi ne baya da 4 ko gaba da 6. A aikace yawancinsu sun fi abin da aka rubuta kyau. Nawa yana gaba da kimanin daƙiƙa 15 a rana, wato ƙasa da minti biyu a mako, kuma nakan gyara shi sau ɗaya a mako cikin ɗan lokacin da bai kai na ɗaure igiyar takalmi ba. Idan aka tuna cewa rana tana da daƙiƙa 86,400, kuskuren 15 a cikinta abin mamaki ne daga ƙarfe da sifirin da ke yawo a hannun mutum cikin zafi da sanyi da girgiza. Duk da haka, wanda aikinsa yake buƙatar daƙiƙa ta zauna daram, ko wanda yake da agoguna da yawa yana ɗaura wannan yau ya ɗaura wancan gobe, mai batir ko mai cajin hasken rana ya fi dacewa da shi, kuma ba zan ja shi da gardama ba. Agogo mai wanin kansa idan aka ajiye shi kwana biyu tsayawa yake yi, sai an sake saita lokaci da rana da kwanan wata. Tsohon 7S26 ma ba a iya yi masa wani da maɓalli, sai dai a kaɗa shi a hankali na ɗan lokaci kafin a ɗaura, kuma hannun daƙiƙarsa ba ya tsayawa idan ana saiti. Waɗannan biyun an gyara su a 4R36.

To mene ne ribar, tun da bai kai mai batir daidaito ba? Ribar ita ce abu ne da aka yi shi domin a gyara shi, a zamanin da yawancin kayan da muke saya an yi su ne domin a jefar. Agogon zamani mai haɗuwa da waya yana buƙatar caji kullum ko bayan 'yan kwanaki, batirinsa yana rauni cikin 'yan shekaru, sannan wata rana kamfani ya daina sabunta manhajarsa, ya zama ba shi da amfani alhali jikinsa lafiya lau. Mai batir na gargajiya ya fi shi rai nesa ba kusa ba, amma duk shekara biyu ko uku sai an buɗe shi, kowace buɗewa kuma dama ce ga ƙura da danshi, kuma batirin da aka manta a ciki yana iya zubar da ruwa ya cinye injin. Mai inji kuwa babu abin da ke cikinsa da ido ba zai gani ba, babu abin da mai gyara mai haƙuri da tabarau ba zai iya cirewa ya wanke ya sa masa mai ya mayar ba. Sannan saboda an ƙera waɗannan injuna da yawa ƙwarai, kayan gyaransu ba su da wuyar samu. Seiko yana sayar wa sauran kamfanoni 'yan'uwan injunansa 4R35 da 4R36 da sunan NH35 da NH36, kuma ƙananan kamfanonin agogo da yawa a duniya da su suke aiki. Amfanin wannan ga mai ɗauri shi ne, ko da injin ya mutu gaba ɗaya, ana iya sa sabo a cikin tsohon jikin, agogon da mahaifi ya ɗaura ya koma hannun ɗansa yana tafiya. Gaskiya ne a wasu wurare kuɗin cikakken sabis yakan kusanci kuɗin sabon agogo, kuma shi ya sa masu gyara da yawa suke zaɓar sauya injin dungurungum. Ni ban ga laifin haka ba, domin har yanzu gyara ne, ba jefarwa ba.

Ba Seiko kaɗai ke wannan fage ba. Citizen ya samo asali ne daga wata cibiyar binciken agogo da aka kafa a 1918, kuma a 1924 Goto Shinpei, wanda ya yi magajin garin Tokyo, ya raɗa wa agogonsu na farko wannan suna mai ma'anar ɗan ƙasa, da fatan agogo ya zama abin da kowane ɗan ƙasa zai mallaka. Reshensu na Miyota yana ƙera injin 8215, wanda danginsa suka fito tun shekarun 1970 kuma har yau ana ƙera su. Shi ta gefe ɗaya kawai yake karɓar wani, saboda haka idan faifansa ya juya ta ɗaya gefen yakan yi gudu da ɗan ƙara har mai ɗauri ya ji a hannunsa, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Orient kuwa, wanda aka kafa a 1950 kuma yanzu yake ƙarƙashin Epson, shi ne wanda na fi ba wa mai neman agogonsa na farko shawarar ya duba. Da kansa yake ƙera injunansa, abin da a Suwizalan ake alfahari da shi ana ƙara kuɗi mai yawa a kansa. Agogonsa mai suna Bambino mai kumburarren gilashi da fuska mara hayaniya yana shiga kowace irin sutura ta mutunci, agogunansa masu suna Mako da Kamasu kuma suna jure ruwa har mita 200. Wanda ya ga Bambino a hannun mutum ya ce araha ba ta ado, to bai kalle shi da kyau ba.

Kulawar da yake buƙata ba ta da yawa, amma rashin saninta ne yake kashe yawancin waɗanda suka mutu da wuri. Kada a sauya rana ko kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 4 na asuba, domin a lokacin haƙoran da ke juya kwanan wata sun riga sun kama aiki, kuma tilasta su yana iya karya su. Sau biyar a shekara, bayan Fabrairu da Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba, sai an tura kwanan wata da hannu, domin injin yana ƙirga kowane wata kwana 31 ne. Rubutun mita 30 a bayan agogo ba izinin iyo ba ne, yana nufin fantsamar ruwa da yayyafi kawai. Mai son shiga ruwa ya nemi mita 100 ko fiye, kuma ya tuna cewa robar da ke hana ruwa shiga tana tsufa, tana buƙatar sauyi. Sai maganaɗisu, wanda ni kaina ya taɓa cutar da ni. Akwai lokacin da agogona ya fara gudu da minti huɗu zuwa biyar a rana, hankalina ya tashi, na kai shi wurin wani mai gyara wanda ya ce injin ya ƙare sai dai a sauya. Ban gamsu ba, na kai wa wani dattijo a cikin sana'ar, wanda bai ko buɗe shi ba sai da ya tambaye ni inda nake ajiye shi da dare. A kan sifikar rediyo nake ajiye shi. Maganaɗisun sifikar ya sa zagayen siririn sifirin nan suna mannewa da juna, ya gajarce, lilon ya ƙara sauri. Ya ɗora shi a kan wata 'yar na'ura ta cire maganaɗisu na 'yan daƙiƙu, agogo ya dawo daidai, kuma tun daga ranar nake nesanta shi da sifika da murfin waya ko na jaka mai maganaɗisu.

Dole kuma in ja kunnen mai saye game da jabu, domin farin jinin Seiko 5 ya sa yana cikin agogunan da aka fi kwaikwaya. Akwai jabu tsantsa, akwai kuma wanda ya fi shi wuyar ganewa, wato tsohon inji da ya gaji aka sa shi a cikin sabon jiki mara inganci, aka yi wa fuskarsa fenti mai launi mai ɗaukar ido wanda kamfanin bai taɓa fitarwa ba. A duba lambar inji da ta jiki da aka zana a murfin baya, a gwada ta da ƙananan rubutun da ke ƙasan fuska, a duba tsaftar rubutun da yadda rana da kwanan wata suka zauna a tagarsu, sannan a nemi takardar garanti. Rashin rubutun ƙirar Japan a fuska shi kaɗai ba hujjar jabu ba ce, domin kamfanonin suna da masana'antu a wajen ƙasarsu, kuma injuna da yawa na asali a Maleshiya ake haɗa su.

Abin da ke damuna, wanda kuma shi ne ya fi ƙarfafa ni in rubuto, shi ne alamun da nake gani cewa kamfanonin suna ɗaga kai daga talakan da ya gina su. A 2019 Seiko ya sabunta layin Seiko 5 da sabon tambari da injin 4R36, wanda ci gaba ne na gaske, amma farashin ya hau sosai, ƙananan samfuran nan masu sauƙi irin SNK809 suka fara ɓacewa daga shaguna, kuma aka daina ƙera SKX007, agogon masu nutso mai jure mita 200 wanda tun 1996 yake hidima. Wanda ya gaji siffarsa mita 100 yake jurewa, maɓallinsa kuma ba ya ɗauruwa kamar na tsohon. A lokaci guda wasu masu saye sun fara ɗaukar waɗannan agoguna a matsayin jarin da za a ɓoye a akwati a jira ya yi tsada, abin da nake ganin ya saɓa wa dalilin da ya sa aka ƙera su, domin agogon da motsin hannu ne abincinsa ba a yi shi don zaman akwati ba. Har yanzu Orient da Citizen da wani ɓangare na Seiko suna riƙe da farashin da ma'aikaci zai iya kaiwa, kuma ina fatan za su ci gaba da riƙewa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a shafin da kuke bayani a kan wayoyi da kwamfutoci ku riƙa ware wa irin waɗannan kaya masu ƙarko ɗan fili, kuma ku nemi tsofaffin masu gyaran agogo ku tattauna da su tun suna raye, domin iliminsu a yatsunsu yake, kuma matasan da ke zama kusa da su don koyo ba su da yawa. Idan akwai mai karatu da ke da irin wannan agogo a ajiye a aljihun tebur yana zaton ya mutu, ina ba shi shawara ya ɗauko shi ya kaɗa shi a hankali na rabin minti, sannan ya kara shi a kunne kafin ya yanke hukunci.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam,
Naka mai karatu a kullum.